Tabarmar Baƙi a Gidan Iya 'Yar'azumi

"Maimaita, kunnen nan ya riga ni tafiya," in ji Iya 'Yar'azumi.

Safiyanu ya gyara tsugunno a bakin gadonta. Ya san sarai ta ji. Mai gyaran injin ban-ruwa ne, gemunsa har ya yi furfura, amma duk unguwar an san bakinsa bai taɓa iya furta a'a ba. Shi ya sa da Alhaji Yakubu ya ji an sallamo tsohuwar daga asibiti an ce a koma gida a yi ta addu'a, bai sha wahalar neman ɗan aike ba. Katanga ɗaya ce tsakanin Safiyanu da ita, injinan Alhaji kuma su ne rabin abincinsa.

"Iya, Alhaji ne ya ce a roƙe ki. Tunda jiki ya yi nauyi, ki yafe wa ɗansa Sunusi."

"Me ya yi?"

Safiyanu ya ɗaga kai yana duban rufin kwano, kamar hayarsa aka yi ya gano inda yake yoyo.

Bara waccan ne, lokacin tsinkar tattasai, jikarta Falmata ta dawo daga fadama zani a yage, ba ta iya faɗin komai sai sunan Sunusi. Tsohuwar ta yi abin da ta taso ta ga ana yi: ta dafa ruwa, ta gasa mata jiki, ta wanke kayan tas ta shanya. Sai washegari suka je wurin 'yan sanda. A kotu likita ya ce bai tarar da abin da zai auna ba. Babu wanda ya gani da ido. Alƙali ya ce zargi komai ƙarfinsa ba hujja ba ne, kuma muddin da sauran shakka, doka ta ce a saki mutum. Safiyanu na bencin baya a ranar. Ya gyaɗa wa lauyan gwamnati kai, ya gyaɗa wa na Sunusi.

"Ai ka je kotun," ta ce, numfashinta na sarƙewa. "An ce ba a tabbatar ba. Har shinkafa aka dafa a gidansu, ƙamshin ya shigo nan. Wanda bai yi komai ba, me zan yafe masa?"

"Iya, ai kin sani."

"Na sani mana. Kotu ta ce sanina bai isa ba. To, ni ma saƙon ɗan aike bai ishe ni ba, balle kai da ko akuya ce ta aike ka za ka je. Ya zo da ƙafarsa, ya zauna, ya faɗi abin da za a yafe, kowa na ji. Kuma ba ni zai faɗa wa ba. Falmata! Shimfiɗa tabarmar baƙi a tsakar gida."

Aka shimfiɗa. Ranar Alhamis bayan la'asar Sunusi ya zo, cikin farar shadda. Safiyanu ne ya yi masa iso. Sunusi ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya leƙa, ya ga tabarma, ya ga matan maƙwabta, ya ga Falmata zaune a kan turmi tana kallonsa ido cikin ido. Ya mai da takalminsa.

"Ya shigo?" tsohuwar ta tambaya daga ɗaki.

"Ya juya, Iya."

"A bar masa tabarmarsa."

Da hantsin Juma'a ta cika.

A maƙabarta, ana gama addu'a, Alhaji Yakubu ya kama hannun Safiyanu, ya ɗaga murya yadda liman zai ji. "Allah ya ji ƙanta. Ai an ce ta yafe kafin ta cika, ko ba haka ba, Malam Safiyanu?"

Safiyanu ya ji kansa ya fara sunkuyawa shi kaɗai, don hanya ce da ya saba. Ya tuna injinan Alhaji. Ya tuna bencin baya. Sai ya miƙe wuyansa.

"A'a, Alhaji." Muryar ta fito siririya kamar ta ɗan akuya, amma ta fito. "Ba ta yafe ba. Tabarma dai na nan."

Alhaji ya saki hannun.

Da yamma Safiyanu ya kai wa gidan makokin bencinsa aro. Mata sun cika tsakar gida, wasu a tsaye don rashin wurin zama, amma masu shigowa gaisuwa sai su kewaye tabarmar. Iska ta naɗe gefenta ɗaya. Falmata ta tashi daga kan turmi, ta miƙar da shi, ta ɗora dutse.