Rigar da Na Wanke wa 'Yan Fim

Shekara talatin da ɗaya ina wanki da guga, ba wanda ya taɓa cewa na ɓata masa ko hankici, sai da 'yan fim suka sauka a layinmu. Tsohon gidan nan na ƙarshen layi suka kama, wai fim ɗin talakawa za su yi. Mai kula da kayan sawarsu, wani dogo da muke ce wa Mai Kaya, shi ya kawo mini ƙunshin wanki ranar Talata.

A cikin ƙunshin na tarar da wata riga ta mata, dauɗa kamar an goge tukunya da ita, kafaɗa a yage. Na ce subhanallahi, wace baiwar Allah ce ke saka wannan? Sau biyu na jiƙa ta, na cuɗa har yatsuna suka yi fari. Na ɗinke yagar, na goge ta tsaf.

Da ya zo karɓa, daidai lokacin da mata suka cika bakin famfo, sai ya ɗora hannu a ka.

"Kin kashe mu, tsohuwa! Kwana uku ina shafa wa rigar nan ruwan shayi da toka, ina gurza ta da dutse! Ke ba ki san aikinki ba!"

Ashe da gangan suka tsufar da ita, shi ne da garajensa ya cusa ta cikin wanki. Amma ni aka ce ban san aikina ba, a gaban kowa. Kafin la'asar matar malamin makaranta ta aiko a karɓo mata kayanta, ko jiƙawa ban yi ba. Ni kuwa ban da suna me nake da shi? Ba shago, ba allo a ƙofa.

Washegari na ɗaura zane na nufi gidan. Mai gadi ya ce ana ɗaukar fim, ba shiga. Na ce ɗan nan, tun kafin a haifi uwarka nake shiga gidan nan. Na wuce.

Da masifata a baki na shiga, amma ina taka zauren sai ta maƙale. Rana ta ƙwalle a waje, a ciki kuwa ruwan sama ake yi. Wani ne a kan tsani yana fesa ruwa da tiyo bisa kwanon rufi, ruwan na ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis. Sun rufe tagogi da baƙin ƙyalle, sun kunna fitila guda da ta maida ɗakin kamar asuba. Mutum ya fi ashirin a tsaye, ko tari babu.

Jarumar fim ɗin na zaune a ƙasa gaban murhu, lulluɓe da bargo. Na san ta, da safe na ga ta fito daga mota tana taunar cingam. Amma wadda ke gaban murhun nan ba ita ba ce. Kafaɗunta sun zube, idonta ya faɗa. Ta ɗora tukunya, ruwa zalla a ciki, tana juya ludayi tana karta gindinta don uwarta marar lafiya da ke kwance a ɗaki ta ji kamar ana girki. Uwar ta ce, "Ya kusa?" Ta ce, "Saura kaɗan, Inna," da murya mai daɗi, hawaye na bin haɓarta.

Shekarar da maigidana ya rasu haka na yi wa 'ya'yana har barci ya ɗauke su, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Wa ya gaya wa yarinyar nan? Ta ina ta san yadda ake karkata ludayi ya yi ƙara? Allah mai iko. Ban san na yi shessheƙa ba sai da wani gajere mai hula ya ce a tsaya. Shi ne darakta.

"Iya, lafiya?"

Na share fuska, na tuna abin da ya kawo ni. Na nuna Mai Kaya na ce, "Wancan dogon banza ya zubar mini da mutunci a bakin famfo. Na zo ya janye."

Darakta ya yi mini bayani a hankali. Rabin fim an ɗauka da rigar a yage, shi ya sa yau suka lulluɓe jarumar da bargo. In ta fito jiya a yage, yau a ɗinke, masu kallo za su ce an yi shirme.

Na ce, "To ku nuna ta tana ɗinkewa mana! Wace macen ce mai riga ɗaya za ta yi yawo kafaɗa a waje? Mai riga ɗaya ita ta fi kowa wanki. Ku kun ɗauka talauci ƙazanta ne?"

Jarumar ta ce, "Wallahi Iya ta fi mu gaskiya." Darakta ya ce a kawo rigar, a warware ɗinkin, a ɗauki jarumar tana ɗinkewa.

Sai dai jarumar ba ta iya riƙe allura ba. Sau uku tana soke kanta.

"'Yata, ba mashi ba ne," na ce. Kowa ya yi dariya har da ita.

Ƙarshe ni suka zaunar a gaban murhun, suka ce hannuna kaɗai za a ɗauka. Na ɗinke kamar kullum, na gatse zaren da haƙori. Da aka gama darakta ya kira ni gaban wani ƙaramin talabijin.

Ban gane su ba da farko. Hannaye ne manya sun cika allon, fatar duk ta tsattsage da sabulu, ga tabon dutsen guga a gindin babban yatsa. Allurar na shiga tana fita ba gaggawa, hasken nan na kwance a kan jijiyoyin kamar an zuba mai. Shekara sittin ina tare da su ban taɓa tsayawa na kalle su ba. Mai kyamara, ƙaton mutum da gemu, yana ta share ido da gefen riga. Na ce a sake nuna mini. Aka sake. Na ce a ƙara.

Darakta ya ce, "Iya, kin ceci fim ɗinmu. Mun gode."

Na ce, "Ba godiya na zo karɓa ba."

Mai Kaya ya matso yana sosa ƙeya. "Ki yi haƙuri, Iya, laifina ne."

"Ba nan ka faɗa ba."

Na tasa shi gaba har bakin famfo, muka jira mata suka taru. Ya fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori.

Na ce, "Ran nan da wannan muryar ka yi? Ɗaga."

Ya ɗaga. Ya ce shi ya cusa rigar cikin wanki, Iya ta san aikinta, shi ne bai san nasa ba. Har mai shagon tsallake sai da ya leƙo. Da na ga muryarsa ta dushe, na karɓi kofi a hannun wata na tara masa ruwa ya sha.