Na Goge, Mama

Ran Asabar da safe, wajen wanka, ta ga tabon. Ta zaunar da 'yarta a baho, ta ɗaga mata hannu za ta cuɗa mata hammata, sai ga su jere a cikin damtse, daidai inda hannun riga ke rufewa. Shatin farce ne. Wasu sun yi baƙi sun fara warkewa, ɗaya kuwa sabo ne, har yanzu da ja-ja.

Soso ya tsaya a hannunta.

"Shugaba, mene ne wannan?"

Shugaba ake ce wa yarinyar tun tana rarrafe, don babanta ya ce tun ranar da ta zo gidan ba wanda ya ƙara yin abin da ya ga dama. Shekararta biyar, bakinta kuwa ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke ta. Amma yau sai ta sunkuyar da kai tana wasa da kumfa.

"Na goge, Mama."

"Kin goge me?"

"A allona. Na riga na goge."

"Wa ya mintsine ki? Faɗa mini, 'yata."

Yarinyar ta girgiza kai, leɓenta na rawa. "In na faɗa, Yesu zai ce ban yafe ba."

Maman Shugaba ta san daga bakin da wannan magana ta fito, nata ne.

Ita ke koyar da ajin ƙanana a makarantar Lahadi, a wani ɗan ɗaki bayan coci mai gajerun bencina da taga ɗaya. A watan da ya wuce darasinsu kan gafara ne, ta kuwa shirya masa da zuciya ɗaya. Mijinta, mai gyaran firji, ya yanka mata ragowar falanki ƙanana-ƙanana, ya shafa musu baƙin fenti. Yaran suka manna maɓallai da murafen kwalba a gefe-gefe, gam har a gira. Kowane allo ta huda shi a kusurwa, ta ɗaura masa ɗan tsumma da zare don kada ya ɓace. Sannan ta ce musu, duk wanda aka ɓata wa rai, ya zana abin da alli, ya yi addu'a, ya jiƙa tsumma ya goge, kamar yadda Ubangiji yake goge laifinmu.

Da ta tsaya nan, da ba komai. Amma sai ta ƙara da cewa, "Abin da aka goge ya tafi. Ba a sake ɗauko shi, ba a kai ƙara." Ita ta san dalilin ƙarin nan. Ƙarar yaran ce ta ishe ta. Kullum suna kiranta: Anti, ya taka ni; Anti, ta kalle ni; Anti, ya ce kaina kamar kankana. Daga ranar kuwa ajin ya yi tsit, har ta riƙa yaba wa kanta. Da Shugaba ta fara neman a jiƙa mata tsumma kusan kullum da yamma, daɗi ma ta ji, har ta ba matar fasto labari.

Ta gama yi mata wanka a hankali, ta naɗe ta a tawul, ta rungume ta fiye da yadda ta saba.

Baban yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, jakar kayan aiki a gefensa. Ta ja shi kicin ta faɗa masa ƙasa-ƙasa. Fuskarsa ta canja, amma da ya fito sai ya durƙusa gaban yarinyar yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, ma'aikacinki ne yake tambaya. Wa ya taɓa mana shugabarmu?"

"Baba, ba a ɗauko abin da aka goge. Tambayi Mama."

Ya miƙe ya dubi matarsa. Ba faɗa a idonsa, sai tausayi. "Malama, ɗalibarki ta haddace karatu."

"Kar ka tsokane ni yau."

"Ba tsokana ba ce. In fasa fita?"

"Je ka. Ni na ƙulla, ni zan kwance."

Bayan ya fita ta tsaya a kicin tana lissafa wuraren da 'yarta take zama ba a gabanta ba. Makaranta, motar da ke kai su, da gidan maƙwabciya a sama, inda Shugaba ke jira bayan an tashi har ita ta dawo daga shagon magani da take aiki. Ranta yana ce mata ta kama yarinyar ta matsa mata sai ta faɗa. Amma ta ga yadda leɓen nan ya yi rawa. In ta ƙwace sunan da ƙarfi, Shugaba za ta kwana tana ganin ta saɓa wa Yesu, gobe kuma in wani abu ya fi wannan, sai ta ƙara iya ɓoyewa. Ga kuma sauran allunan, kowanne a gidansu, kowanne da tsummansa. Me waɗancan yaran suke gogewa?

Ta wanke fuska, ta ɗauko ledar ƙyallayen da telan bakin layi ya tara mata, ta zube su a tabarmar falo.

"Zo ki taya ni aikin gobe. Rigar Yusufu za mu yi."

Shugaba ta zo da gudu, don ba abin da take so kamar a ba ta gam. Uwar ta yanka surar riga a kwali, ita kuma tana zaɓen ƙyalle, ja da kore da mai fure, tana mannawa a karkace.

"Kin tuna labarin?"

"Yayyensa sun jefa shi a rami. Suka sayar da shi. Sai ya zama babban mutum, sai yunwa ta kama su, sai suka zo, sai ya yafe musu." Ta faɗa a numfashi ɗaya.

"Haka ne. Amma kafin ya rungume su, kin san abin da ya yi?"

"Ya ba su abinci."

"Wannan ma. Amma ranar da ya bayyana musu kansa, kuka ya yi, mai ƙarfi, har na waje suka ji. Sannan ya dube su ya faɗa musu cewa shi ne ƙanensu da suka sayar. Da bakinsa ya faɗi abin da suka yi masa."

Yarinyar ta tsaya da ƙyalle a hannu. "Ya ɗauko abin da aka goge?"

"Ya faɗi gaskiya tukuna, sannan ya yafe. Allah kuwa bai yi fushi da shi ba."

"Amma ke kin ce..."

"Na ce. Ban faɗa daidai ba." Ta ajiye almakashi. "Na tsallake abu ɗaya a tsakiya. In an zana, sai a nuna wa Mama ko Baba ko Anti, sannan a goge. Yesu ba ya son a ji wa yaro ciwo ya yi shiru. Ni na koya miki ba daidai ba, shi ya sa kika yi ta jin zafi ke kaɗai. Ki yi haƙuri, 'yata."

Shugaba ta ƙura mata ido. Ba ta taɓa jin cewa Anti ma tana kuskure ba.

"To ke ma kin yi laifi ke nan?"

"Na yi."

"Sai in zana ki?"

"Zana ni."

Ta ruga ɗaki ta ɗauko allon. Ta zana wani ƙaton kai mai ƙafafu biyu kamar tsinke, ta sa masa ɗankwali, ta juyo da shi. "Ga ki. Kin faɗi ba daidai ba."

"Na gani. Amma wuyan nawa ina ya tafi?"

"Ba ki da shi." Ta lashi yatsa ta goge, ta yi dariya. "Na yafe miki."

Uwar ta ci gaba da yankan kwali kamar ba abin da take jira. Can sai ta ji ƙarar alli kuma. Wannan karon zanen ya daɗe. Da aka juyo mata da allon, wani kan ne, da baki a buɗe da haƙora, a tsakiyarsu an bar fili.

"Mai Giɓi ce," in ji Shugaba da ƙaramar murya. "In jaririnsu yana kuka, sai ta ja ni ɗaki ta mintsine ni. Sai ta ce in je in goge, ai Anti ta ce ba a faɗa."

Mai Giɓi 'yar maƙwabciyar sama ce, shekararta bakwai, ita ma 'yar ajin ce. Maman Shugaba da hannunta ta ɗaura mata tsumma a allo.

"Kin kyauta da kika nuna mini. Kin kyauta ƙwarai."

"In goge yanzu?"

"Tukuna. Riƙe shi, mu hau sama."

A kan matakala ranta yana tafasa. Ta shirya maganganu masu zafi, kowane taki da tasa. Shugaba na biye da ita rungume da allo, tana cewa, "Mama, kar ki yi mata tsawa, ita ce take ba ni 'yartsanarta."

Maƙwabciyar ta buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa, idanunta sun faɗa don rashin barci. A bayanta ga Mai Giɓi tsaye kan kujera a gaban wurin wanke-wanke, tana wanke kwalaben madara, ruwa ya jiƙa mata gaban riga. Maganganun nan masu zafi suka ragu da rabi, amma ba ta fasa ba. Ta gaisa, ta ɗaga hannun rigar Shugaba ta nuna.

"Wayyo ni," in ji maƙwabciyar. "A gidana? Ke, zo nan."

"Yaya, bari in yi mata magana. Da laifina a ciki."

Ta durƙusa har fuskarsu ta daidaita. Mai Giɓi ta kalli allon, ta gane kanta, ta ce da sauri, "Ai ta goge na da."

"Ta goge, amma ciwon bai gogu ba. Duba."

Yarinyar ta duba damtsen, sai hawaye. Cikin shessheka ta ce kullum ita ce babba. Ta bar wa jariri Mama, ta bar wa Shugaba kujerarta don baƙuwa ce, ita ba wanda yake bar mata komai. Uwarta ta juya fuska ga bango tana jijjiga jaririn.

"Na ji ki," in ji Maman Shugaba. "Wannan ma abin zanawa ne a nuna wa Mama. Amma jikin ƙanwarki ba wurin huce haushi ba ne. Ba za ki ƙara ba. In kin ƙara, za ta faɗa mini a ranar, ni na ce ta faɗa. Kin ji?"

"Na ji, Anti." Ta share hanci da bayan hannu. "Shugaba, ki yi haƙuri."

Shugaba ta dubi uwarta. "Yanzu fa?"

"In kin shirya. Ba dole sai yau ba."

"Na shirya tun ɗazu." Ta miƙa tsumman ga Mai Giɓi. "Jiƙa mini, ke ce kusa da famfo."

Su biyu manyan suka zauna suka yi magana ta gaskiya. Mako mai zuwa Shugaba za ta riƙa zama a shagon babanta bayan makaranta, maƙwabciya ta samu ta huta. In Shugaba ta dawo zama a gidan, a falo za su yi wasa, ƙofa a buɗe. Maman Shugaba kuma ta ce ran Laraba da ba ta aiki, a turo mata Mai Giɓi ita kaɗai, ba wanke kwalba, ba riƙon jariri. A ranta ta ƙudurta cewa za ta riƙa duba damtsen nan kowane wanka, ba ta kuma ga wannan ya rage komai daga yafewar ba.

Washegari ta shiga aji da ledar ƙyallaye, da almakashi, da ƙaramin baho. Tun daren jiya ta aika wa iyaye cewa kowa ya zo da allonsa. Ta ba da labarin Yusufu, ta faɗa musu inda ta yi kuskure, sannan ta bi benci-benci tana yanke zaren tsummokaran tana jefa su a baho.

"Daga yau tsumma yana wurin manya. A nan yana wurina, a gida yana wurin Mama ko Baba. Mai son gogewa ya zo ya nuna, a ba shi."

Ba ta rufe baki ba aka yi layi. Na farko wani ɗan dumurmur ne, ya ɗaga allonsa da ke cike da zane kamar tsakar gidan kaji.

"Anti, wannan ne ya ce kaina kamar kankana. Tun tuni nake so in faɗa."

A da, da ta ce ya je ya zauna. Yau sai ta jawo ɗan benci ta zauna, ta ɗora bahon a cinya.

"To, nuna mini. Wanne ne kai, wanne ne kankanar?"