Littafin Safiya

A shekarun da kuɗin fetur ya cika birnin Sabha, Rakiya 'yar garin Tawa tana wankau a gidan wani ɗan sanda. Mijinta Inusa lebura ne marar takardu, kullum a unguwar Jadid yake jiran aiki tare da sauran leburori.

Wata rana da hantsi Safiya, 'yar maigidan, ta karanta mata littafin yara: manoma biyu abokai, ba mai ɓoye wa wani komai.

Yarinyar ta rufe littafin ta ce, "Inna Rakiya, ke ma ƙawata ce. Baba ya ce yau za su kwashe marasa takardu."

Rakiya ta fita da kumfa a hannu. Da ta isa Jadid ba lebura ko ɗaya, sai sawun manyan motoci da shebur uku a yashe.