Ƙasar da Aka Riga Aka Tace

Shekara shida Mairama tana karɓar haihuwa a wani asibitin kuɗi a Lafiya, kuma ba ta taɓa cike takardar neman hutu ba. Abin alfaharinta ke nan. Ita ce mace ta farko a gidansu na Awe da ta bar fadamar gishiri ta tafi makarantar ungozoma. Ranar tafiyarta, gwaggonta ta faɗa a gaban mutane cewa wata uku ya yi yawa za ta dawo ta ci gaba da kankarar ƙasa. Mairama ta haɗiye maganar, ba ta kuma bari ta narke ba.

Da can, duk jaririn da ya faɗo hannunta ya tsala kuka, sai ta ji wani ɗumi ya taso mata daga ciki har maƙogwaro. Don wannan ɗumin take son aikin. Ba ta san ranar da ya tafi ba. Ta dai tsinci kanta tana yanke cibiya, tana cewa barka da arziki, baki na motsi, ciki kuwa shiru. A ɗakinta shayi da burodi suka zama abinci. Ƙullin gishiri uku da mahaifiyarta ta aiko suna bayan ƙofa ba a kwance ba. In Iya ta kira, sai ta zuba wa wayar ido har ta katse.

Wata Talata da safe ta hau keke Napep za ta aiki. Da suka iso ƙofar asibitin, bakinta ya ƙi cewa a tsaya. Tana kallo ƙofar ta wuce. Aka kai kasuwa, fasinjoji suka sauka, wasu suka hau, aka juyo, ƙofar ta sake wucewa. Sai a zagaye na uku mai keken ya waiwayo ya tambaye ta ko lafiya.

Matiron Ngodoo, shugabar ɗakin haihuwa, ba ta yi mata faɗan latti ba. Ta ja ta ofis ta rufe ƙofa.

"Sista Mairama, jiya kin karɓi 'yan biyu. Duk ɗaki na murna, ke kina kallon agogo."

"Na yi kuskure ne, Matiron?"

"Ba ki yi ba. Shi ya sa nake so ki tafi tun ba ki yi ba. Hannun da ke riƙe da ran mutum biyu ba a wasa da shi."

Ta tura mata takardar hutun wata guda. Mairama ta ɗauki biro ta soke, ta rubuta kwana huɗu. Ta ce ita ba raguwa ba ce, kuma ba wanda zai ce aiki ya kayar da ita. Ngodoo ta dube ta ta saman tabarau, ta jefa takardar a durowa.

Ko da ta isa gida Awe, ba ta zauna ta huta ba. Gari na wayewa ta ɗaura tsohon zanen Iya ta riga kowa zuwa fadama. Rani ne, lokacin gishiri. Mata kan kankare ƙasar da ta yi fari, su zuba a tukwane masu huji a gindi, su kwara ruwa, ya tsatso da gishirinsa, sannan a dafa shi a manyan faranta har ya ƙafe. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu rabonta da aikin, amma ta ce hannu bai manta ba.

A gefen tukwanen Iya ta ga tulin ƙasa an jibge. Ta ce a ranta wannan ai asara ce, ga ƙasa a kusa, me zai kai mutum kankaro wata? Ta cika tukwanen da ita, ta yi sawu takwas na ruwa, ta hura wuta. Iya ta iso, ta tsaya ta duba, sai ta nemi inuwa ta zauna. Mairama ta wuni tana tura itace, hayaƙi na cin idonta. Da la'asar ruwa ya ƙafe. Abin da ya rage a farantin bai fi a shafa da yatsa ba.

Matan fadama suka taru. Gwaggo ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Likita, wannan na masu hawan jini ne kika dafa mana?"

Aka kwashe da dariya. Mairama ta miƙe ƙyam, ta ce itacen ne ɗanye, gobe za ta sake. Iya ta ɗebo ƙasar tulin da yatsu biyu ta ce ta buɗe baki. Ta ɗora mata a harshe.

"Me kika ji?"

"Ba komai."

"An riga an tace ta, Mairo. Ko kogi kika juye mata ba abin da za ta ba ki. Mayar da ita ake yi fadama, a baje, a yayyafa ruwa, a bar ta da rana. Ba mai taka ta. Gishirin da kansa yake hawowa daga ƙasa." Ta goge yatsunta a zane. "Tun da kika sauko daga mota nake kallon idonki."

Ƙasar na kan harshen Mairama, lami. Ta durƙusa a gaban farantin, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun tana makaranta. Matan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ce ta rage, ta dafa mata kafaɗa.

"Ni na ce wata uku, kin yi shekara shida kina ba ni kunya. Haba 'yar nan, ai ya isa haka."

Washegari Mairama da kanta ta kwashe tulin a kwando ta baje a fadama. Da ta gama ta kira Ngodoo ta ce tana so a gyara takardar hutun nan, a mayar da ita wata guda. Ngodoo ta yi dariya ta ce takardar tana durowa inda ta jefa ta, wata sabuwa ta cike tun ranar, sa hannu kawai take jira.

Iya ta hana ta taɓa tukunya. Aikinta shi ne zama a inuwa, da cin tuwo, da barcin rana. Kwanakin farko ƙafarta har ƙaiƙayi take yi. Kullum da hantsi takan je bakin inda ta baje ƙasar ta tsuguna, ta tarar da ita baƙa kamar jiya.

Ran kwana na tara ta ga wani fari-fari ya kwanta a kai, siriri kamar an barbaɗa gari. Ta dangwala ta kai baki. Ya cije ta a harshe.

Can wajen tukwane jaririn wata mata ya farka a goye ya fara kuka. Mairama ta juya. Ɗumin nan bai zo ba tukuna. Amma ba ta ɗauke kai ba, ta ci gaba da sauraro, hannunta a kan ƙirji, har uwar ta kwance goyon ta ba shi nono.