Dodo Ya Rera wa Katanga

Dodo mai gurmi ya yi shekara da shekaru yana waƙa a Gidan Matasa na Filinge ba a taɓa yi masa zancen kuɗin ƙofa ba. Zamanin soja 'yan ƙungiyar Samariya ke kaɗa ganga, gari ya cika fili, wanda aka wasa ya tashi ya liƙa masa abin da ya samu. Da mulkin ya wuce, sai aka kawo sabon darekta, Tahiru, yaro mai takalmi ƙafa-ciki, ya ce yanzu sai da tike, wato takardar shiga.

Tahiru ya yi ta bayani: kason gida, kason wuta, kason kujeru, ragowar ta mawaƙi. Dodo yana gyaɗa kai, amma ko ɗaya bai shiga ba. Abin da ya kasa ganewa, yaya mutum zai biya waƙar da bai ji ba tukuna? Da ya ji cewa dala ashirin, wato sefa ɗari, aka sa wa wasan wani mawaƙi, Haske na Damana, sai zuciya ta ɗebe shi.

"Ni da Haske kuɗi guda? Sa dala ɗari biyu."

Tahiru ya ce manoma ba za su iya ba. Dodo ya ɗauka raini ne, ya kafe.

Ranar wasa bayan la'asar ya hau dandali, ya duba. Ma'aikata ne a jere, wasu daga Yamai, kowa ya harɗe ƙafa. Waƙar Dodo duk sunaye ce: ya ga fuska, ya kira ubanta da kakanta da gonar geron gidansu. A nan ko mutum ɗaya bai san kakansa ba. Ya kaɗa gurmi, ya sake kaɗawa, baki ya ƙi buɗuwa. Ya fara tunanin ko tsufa ne ya zo masa yau, ko kuwa sammu.

Can sai guɗa ta tashi daga bayan katanga. Ya san ta. Ta Muna ce, matar marigayi Albarka na Bankuku, wadda ba ta taɓa fashin wasansa ba. Ashe mutanensa suna waje, zaune a ƙasa, kuɗin da ya yanka da bakinsa ya hana su shiga. Kunya ta kama shi.

Ya juya wa kujeru baya, ya fuskanci katanga, ya kira Albarka da kakanninsa.

Tahiru ya matso yana raɗa: "Baba, waɗanga su sunka biya."

"Na sani, ɗana," in ji Dodo. "Amma ban san ko su wa na ba."