Ina Ruwan Kifayen Uwani?

Jiya da dare wani mafarki ya same ni, ni da ba na ɗaukar zancen mafarki da muhimmanci. Bari in fara da abin da na kwanta da shi. 'Yata Uwani ta bar mini amanar jajayen kifayenta uku a tulun gilashi, da aiki ya kai ta Jos. Sun girma, har in ɗaya zai juya sai sauran sun jira. Ta aiko da babban akwatin gilashi. Na wanke shi tas, na cika shi da ruwan famfo, na gaya wa matata Kande cewa da safe a juye su ciki, tsohon ruwan nan mai kore-kore kuma a zubar a kwata. Ba na son ƙazanta.

Sai ga ni a wani ofishi, tulun a kaina ba gammo. Bunsuru ne a kan kujera da tabarau, yana cinye duk takardar da ya sa wa hannu.

"Tarewa za su yi, Baba Mati?"

"Tarewa."

"Ina ruwansu?"

"Kai, iya bakinka. Na girmi kakanka."

"Tambayar aiki ce, Baba. Ina ruwansu?"

"Ba ruwansu da kai. Ni ma ba ruwana."

Ya rubuta ba ruwa, ya tauna takardar, ya ce in wuce.

Ina fita aka fara ruwa, amma daga ƙasa yake tashi. Kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Ruwan tulun ma ya bi sahu, ya yi sama a hankali. Kifayen suka sauko suka biyo ni a ƙasa, a jere, kamar masu zuwa gaisuwa.

Akwatin ya zama gidan bene a tsakiyar kasuwa, cike da ruwa fari tas. Na buɗe ƙofa, ko ɗigo bai zubo ba. Na ce su shiga. Ƙaramin ya leƙa, ya janyo kansa da sauri, jansa ya koɗe kamar atamfar da ta sha rana.

Babbarsu, mai tabo a wutsiya, ta ce, "Baba, ruwan nan bai san mu ba."

"Ruwa ai ruwa ne. Wannan ya ma fi tsabta."

"Da ka tare a sabon gidanka, don me ka taho da tsohon buzun nan mai wari?"



"A gauraya mana da namu, kaɗan-kaɗan," in ji ta. "In ba haka ba, kai za ka yi wa Uwani bayani. Ina ruwanmu?"

Na ɗaga kai. Ga shi can, kore-kore, ya nufi gabas. Na bi shi da moɗa ina tsalle, gwiwoyina suna ƙara ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ashe hannun bokiti ne. Gari ya waye, Kande ta kwashe kifayen a kwano, ta ɗauko tsohon ruwan a bokiti ta nufi kwata.

"Kande, ajiye shi."

"Kai ka ce a zubar, Malam. Yau kuma ina ruwanka da shi?"

"Ba ruwana ba ne," na ce. "Nasu ne. Kawo nan."