Abin da ya Fito daga Ƙirjin Uwaisu

Yaya Raliya, sannu da hanya! Aje kwanon nan, zauna bakin gado, labari na cina tun safe ba wanda zan ba.

Kin san ɗan nan naki Uwaisu tun fara tsinkar auduga yake tari. To, sai abin ya sauka ƙirji. In ya ja numfashi sai ki ga ƙarƙashin haƙarƙarinshi ya lotsa, hanci na buɗewa yana rufewa, jiki zafi rau. Nono ma ya ƙi. Na ce a kawo shi asibitin Sinnar, sai surukata Inna Yalwa ta ce:

"Ke da ajinki uku kin fi mu sanin tari? Sanyi ne ya jiƙa mashi ƙirji. Abin da ya jiƙe kuwa busar da shi ake yi."

Kin san da me? Ramin duhan, Yaya! Ramin da muke turara jiki da hayaƙin itace in za mu gidan biki. Ta mulke shi da man karkar ɗin da muke shafa wa gashi, tsoho, kitsen ragon da ke ciki har ya yi ɗoyi, ta hau ramin da shi a cinya, ta ja bargo ta rufe su ruf. Ina tsaye ina jin tarinshi daga ciki. Can sai na daina ji. Na fizge bargon, leɓenshi ya yi baƙi, ido ya juye.

"Rufe mu!" in ji ta. "Yanzu ne maganin ke shiga."

Na sure shi, ko takalmi babu, na tare lorin auduga a bakin hanya.

Muna isowa nan asibiti wata tamarjiya mai jinyar yara, Intisar, ta karɓe shi. Tana buɗe zani ta kau da kai, ta ce da Larabci, "Ya salam! Yaro kika kawo ko bandar kifi?" Na ji kamar in nutse. Ta wanke maiƙon nan tas da ruwan ɗumi, likita ya saurari bayanshi ya ce limoniya ce, aka fara allura. Ta hana ni kwantar da shi rigingine, sai jingine a ƙirjina, tukunyar ruwan zafi a gefe yana shaƙar tururi. Nono kuma in tatsa a cokali in ɗiɗɗiga mashi. Haka muka yi ta yi, bayana kamar ya tsinke.

Yau da hantsi ta kifa shi a cinyata, ta lanƙwasa tafin hannu tana bubbuga bayanshi a hankali. Ya yi tari, ya sake, sai ga abu ɓul! Yaya, kore, mai kauri, yana yauƙi kamar miyar kuɓewar da ta kwana, da ɗigon baƙin hayaƙi a ciki. Ga ƙarni! Duk a tob ɗin da na yafa, har cikin yatsuna. Matar gadon can ta ture abincinta. Ni ma ina yunƙurin amai ina dariya, don ɗanki ya tsala ihun da duk ɗakin ya ji, ya cafki nono kamar zai cire shi.

Intisar ta ce ba inda za mu sai allurai sun ƙare, ko wa ya aiko. Na ce ko da ba ki faɗa ba.

Matso, sa kunnenki a bayanshi ki ji yadda iska ke shiga. A'a, ba ta nan gefen ba, nan bai bushe ba tukuna.